Wai shi mai kaɗa sanda a gaban makaɗa, aikin me yake yi? Muhawara kan Seiji Ozawa

Ɗan Fagge: Salamu alaikum jama'ar gida. Ina da tambaya amma don Allah kar a yi min dariya. Jiya da daddare bacci ya ƙi zuwa, ina ta yawo a YouTube sai na faɗa kan wani bidiyo, wani tsoho ne ɗan Japan gashin kansa fari fat, an turo shi a keken guragu aka ajiye shi gaban makaɗa rututu kowa da kayan kiɗansa, shi kuwa ba goge ba ganga ba algaita, hannu kawai yake ɗan kaɗawa, amma wallahi idon kowa na kansa. An rubuta sunansa Seiji Ozawa. To abin da ya ɗaure min kai shi ne, kowane makaɗi fa da takardarsa a gabansa yana karantawa, to shi wannan na tsakiyar me yake tsinana musu? Ko dai sarauta ce kawai?

Bala Mai Hayis: Hhhh ai Turawa kwandasta suke ce masa. Na ji daɗi da na ji haka, ashe sana'armu ta kai har Japan, bambancin kawai shi ba ya rataye a ƙofa kuma ba a zaginsa kan canji.

Baba Saje: Wa alaikumus salam. Ɗana Ɗan Fagge tambayarka ba abin dariya ba ce, ni kaina sai da na shiga badujala na gane. Shekara ashirin da wani abu ina busa. Takardar nan da kake gani tana gaya maka abin da za ka busa ne, amma ba ta gaya maka daidai lokacin da za ka shiga ba, ko yaya saurin zai kasance yau, ko inda za a sassauta. Kuma idan kana can baya kusa da masu ganga, wallahi ba ka jin na gaba sam, idan ka ce kunne za ka bi to kullum a makare za ka shigo, dole sai da ido. Bari in ba ka misali, akwai wani sabon bandmasta da aka taɓa kawo mana, ranar fareti ga manya sun zauna a rumfa, ya ɗaga sanda sai ya yi wani ɗan jinkiri a sama kamar yana tunanin abin da ya manta a gida, rabinmu muka ja numfashi muka shiga, rabi suna jira, mai babbar ganga ya doka shi kaɗai. Daƙiƙa biyu ce kacal amma har yau in na tuna sai na ji kunya. Ɗaga hannun nan kafin a fara, shi ne numfashin mutum hamsin a lokaci ɗaya.

Ummi Sendai: Sannu Baba, gaskiya ka warware zance. Yaya Ɗan Fagge bidiyon da ka gani ina jin na 2022 ne da aka yi a Matsumoto, kiɗan Beethoven ne suka yi aka aika shi kai tsaye zuwa tashar sararin samaniya inda ɗan sama jannatinsu Koichi Wakata yake a lokacin. Mutumin ya rasu ranar 6 ga Fabrairu 2024 a Tokiyo yana da shekara 88, ina nan lokacin, duk tashar da ka kunna maganarsa ake. Kuma abin mamaki ba a Japan ma aka haife shi ba, a Mukden ne, garin da yanzu ake kira Shenyang a Chaina, a 1935, lokacin Japan ce ke riƙe da yankin, babansa likitan haƙori ne a can. Da suka dawo gida kuma yaƙin duniya na biyu ya ƙare, talauci ya yi musu katutu, amma duk da haka suka samo masa fiyano, babansa da yayyensa suka ɗora ta a kura suka turo ta da ƙafa daga Yokohama zuwa Tachikawa, kwana uku suna hanya. Ku yi tunanin tura fiyano a kura fa. Burinsa ya zama makaɗin fiyano, to sai ga shi yaro ne mai son wasan ragbi, wannan ƙwallon da ake rungumar juna ana kayarwa, ya je ya karya yatsu biyu. Shi ke nan fiyano ta tashi, sai ya koma neman jagorancin makaɗa.

Bala Mai Hayis: Wato da bai karya yatsu ba da bai zama kwandasta ba. Kun ga ni ma faɗuwa jarrabawa ce ta kawo ni, labarinmu ɗaya.

Malam Nura: Ummi ki ƙarasa labarin dai, kar ki tsallake inda ba daɗi. Malamin da ya je wajensa, Hideo Saito, ai ɗan'uwan mahaifiyarsa ne, dangi ne. Ni duk lokacin da aka kawo min irin labarin nan na wane ya tashi daga babu ya zama wane, sai na tambaya waye ya riƙe masa tsani. Ko a Japan ma ashe sai da hanya.

Ummi Sendai: Malam ban musa ba, akwai dangantaka ta wajen uwa. Amma da ka san waye Saito da ba ka kira shi hanya ba, zuwa wajensa ai kamar a kai ka makarantar horo ce. Shi asalinsa makaɗin chelo ne, wannan ƙaton gogen da ake jinginawa tsakanin gwiwoyi, a Jamus ya yi karatu, ya dawo yana cikin waɗanda suka kafa makarantar kiɗa ta Toho Gakuen inda Ozawa ya yi karatu. Abin da ya yi fice a kai shi ne ya zauna ya rarraba motsin hannun jagora kashi kashi ya ba kowanne suna, kamar yadda ake koyar da baƙi da wasali. Akwai wanda suke kira tataki, wato duka, ka saki hannu ya faɗo da nauyinsa ya bugi wani wuri a iska ya yi tsalle ya koma sama kamar ƙwallon roba, akwai shakui wanda ya fi laushi kamar kana kwasar ruwa, akwai wanda hannu ke tafiya da sauri ɗaya ba ƙari ba ragi. Dalilinsa shi ne idan hannu yana ƙara sauri yana faɗowa yadda duk wani abu yake faɗowa, to idon makaɗi zai iya hasashen inda zai sauka tun kafin ya sauka. Ɗalibi sai ya yi ta maimaita tataki kaɗai har kafaɗa ta ƙage kafin a bar shi ya tsaya gaban ko da mai fiyano ɗaya. Ga faɗa, an san shi da zafin rai sosai. Kuma Ozawa ne ɗan aike, shi ne jera kujeru, shi ne shirya takardun makaɗa.

Baba Saje: Allahu akbar. 'Yata wannan bayani naki ya kai ni baya. Wato abin da ya rasa kenan wancan bandmastan namu, hannunsa ba shi da wurin sauka, yawo kawai yake a iska kamar mai korar ƙuda. Mu ba wanda ya ba abin suna, amma mun san mai kyau in mun gani, akwai wani dattijo da muka yi aiki da shi ko ka juya rabin fuska kana ganinsa ta wutsiyar ido ka san inda ɗaya take. Ashe wasu har makaranta suka buɗe wa abin.

Maman Khalifa: Ni fa wannan yabon malamai masu zafi ya ishe ni. Kullum sai a nuna mana ɗaya da ya jure ya zama wani abu, ba a ƙirga goman da suka gudu suka tsani abin har abada. Ɗana na biyu da hannuna na kai shi koyon ɗinki wajen wani tela, yaro mai son abin wallahi, wata huɗu ba a bar shi ya taɓa keke ba sai sayo abinci da shara da tsawa, ranar da aka jefe shi da almakashi ya dawo ya ce shi da ɗinki har abada. Don haka ku daina cewa faɗan ne ya yi Ozawa, wataƙila ma da ba faɗan da ya fi haka.

Ummi Sendai: Anti ban ce faɗan ne ya yi shi ba, kuma ina tare da ke a kan almakashi. Bambancin da nake gani shi ne Saito yana da abin koyarwa a hannu, tsari ne da za ka iya ɗauka ka tafi da shi ko'ina, telan ɗanki kuwa tsawar ce kawai ba darasi. Ozawa ya isa Turai ba ya jin Faransanci, Turancinsa ma har ya tsufa ana tsokanarsa da shi, to da me ya yi magana da makaɗa in ba da hannun nan ba?

Isuhu Damagaram: Gaisuwa ga kowa, Baba Saje ina wuni. Ku bar ni in shigo a nan don wurin tafiyarsa Faransa shi ne ya fi burge ni. A 1959 yaron nan yana da shekara 23 ya hau jirgin ruwa na dakon kaya, ba na fasinja ba, da ɗan babur ƙirar Rabbit irin mai kama da Vespa da ya samo daga kamfanin da ke ƙera shi, da jita ɗinsa, kusan wata biyu suna kan teku kafin su sauka Marseille. Daga nan ya maƙala tutar Japan a babur ya kama hanya har Paris, wanda ya san Faransa ya san ba nan kusa ba ne, ya fi kilomita 700. A wannan shekarar ya shiga gasar matasan jagororin makaɗa ta garin Besançon, can gabas wajen iyakar Suwizalan, ya zo na ɗaya. Kuma Ɗan Fagge ga amsar tambayarka a nan, a gasar har sawa ake makaɗa su yi kuskure da gangan, wani ya busa abin da ba shi ke rubuce ba, a ga ko za ka tsayar da su ka ce kai mai kaza a wuri kaza ka kauce. Ka ga kenan mai sanda dole duk abin da mutum saba'in ke karantawa daban daban yana cikin kansa shi kaɗai. Malam Nura, a Besançon wane kawu gare shi?

Malam Nura: Isuhu na ba ka wannan, Besançon da guminsa ya ci. Amma dubi abin da ya biyo baya ka gaya min ko ba iyayen gida ba ne. Charles Munch, wanda ke jagorantar makaɗan Boston a lokacin, shi ya buɗe masa ƙofar Tanglewood, cibiyar horar da makaɗa a Amurka, a 1960, can ya ci kyautar Koussevitzky, mai sunan wani tsohon jagoran makaɗan Boston. Daga nan sai Balin wajen Herbert von Karajan. Daga nan Leonard Bernstein ya ɗauke shi mataimaki a ƙungiyar makaɗa ta New York Philharmonic a 1961. Mutum uku da suka fi kowa faɗa a ji a wannan sana'a a duniya, cikin shekara biyu duk sun dafa masa. Ni ba hassada nake ba, cewa nake a wannan harkar ba a tashi sai an ɗaga ka, domin ba kamar mai goge ba ne da zai shige ɗaki ya yi ta gwaji shi kaɗai, shi kayan kiɗansa mutane ne, sai wani ya ba shi aronsu.

Baba Saje: Wannan magana ta ƙarshe gaskiya ce Malam. Amma manyan nan ba sa ba da aron mutanensu ga wanda zai kunyata su.

Ɗan Fagge: To ni yanzu na fara ganewa. Amma a gida Japan fa, sun karɓe shi da ya dawo? Ai irin wannan sai a tare shi a filin jirgi.

Ummi Sendai: Hmm yaya ai nan ne labarin ya yi ɗaci. A 1962 ƙungiyar makaɗa ta NHK, gidan rediyo da talabijin na Japan, wadda ita ce babbar ƙungiyar makaɗa a ƙasar, ta ɗauke shi, yana ɗan shekara 26 zuwa 27, makaɗan kuwa da yawansu sun haife shi, kuma tarbiyyar Jamus gare su. Ba a jima ba aka fara samun saɓani, suna ƙorafin makara da rashin ladabi da cewa ya kwaso ɗabi'un Amurka, abin ya ƙara lalacewa bayan wata tafiya da suka yi ƙasashen kudu maso gabashin Asiya, ƙarshe dai suka ce ba za su ƙara kiɗa a ƙarƙashinsa ba. A watan Disamba aka soke wasan, shi kuma ya je zauren ya tsaya shi kaɗai a kan dandamali ba makaɗi ko ɗaya, 'yan jarida suka ɗauki hoto. Marubuta da masu fasaha da dama sun tsaya masa, amma ya bar ƙasar da aiki, kuma bai sake tsayawa gaban makaɗan NHK ba sai a Janairun 1995, shekara 32 kenan, 'yan kwanaki bayan girgizar ƙasar Kobe.

Ɗan Fagge: Kai! Wannan ai hassadar tsofaffi ce ƙarara. Yaro ya je waje ya yi suna ya dawo, maimakon a yi alfahari da shi sai a haɗe masa kai. Ko'ina haka suke ashe.

Baba Saje: A'a ɗana, bi a hankali. Ban san abin da ya faru a ɗakin gwajinsu ba don ba na nan, amma na zauna a kujerar makaɗi, na san yadda abin yake ci. Ka shekara talatin kana busa abu ɗaya, yaron da bai kai ɗanka ba ya zo a makare kana zaune kana jiransa, sannan ya tsayar da kai gaban jama'a ya ce ka yi kuskure, ko da gaskiyarsa akwai yadda ake faɗa. Sandar nan fa ba ta ƙara, in mutanen suka ajiye kayansu to kai mahaukaci ne kawai mai kaɗa hannu, kuma abin da suka nuna masa kenan. Saito ya koya masa hannu, amma zama da manya ba a koyar da shi a allo. Ni ina ganin kowa da laifinsa, su sun yi tsauri da yawa, shi kuma ƙuruciya.

Maman Khalifa: Baba ka yi haƙuri amma shekara 32 fa. Wannan ba gyaran yaro ba ne, kora ce.

Malam Nura: Korar ce ma ta yi masa rana Hajiya. Ya jagoranci bikin kiɗa na Ravinia a Chicago daga 1964, makaɗan Toronto daga 1965, San Francisco daga 1970, sannan Boston daga 1973 har 2002, shekara 29, ba wanda ya taɓa daɗewa haka a kujerar, ya wuce Koussevitzky mai 25. Daga nan gidan ofera, wato wasan kwaikwayo da ake yi da waƙa, na Biyana har 2010. Sai dai tunda ni ne mai ɓata biki a zauren nan bari in ƙara, shekarunsa na ƙarshe a Boston ba kowa ke yabo ba, masu sharhi da yawa sun ce ya daɗe har abin ya yi sanyi, kuma a Tanglewood an yi rigima da shi wajen 1997 har wasu manyan malamai suka ajiye aiki. Wanda tsofaffi suka haɗe wa kai yana yaro, shi ma da ya zama babba an yi kuka da shi.

Bala Mai Hayis: Shekara 29 a kujera ɗaya, ashe har a kiɗa akwai ta-zarce.

Isuhu Damagaram: Ni tambayata daban ce. Duk kiɗan nan na Turawa ne, Beethoven da su Mahler. Su Japan ba su da nasu ne? Ba ya zama kamar wanda ya bar gidansu ya je yana share gidan wani ba?

Ummi Sendai: Yaya Isuhu shi kansa ya sha cewa rayuwarsa gwaji ce, a ga iya inda mutumin Asiya zai kai a fahimtar kiɗan Turawa. Amma bai yar da na gida ba, a 1967 shi ya jagoranci New York Philharmonic a karon farko da aka yi November Steps na Toru Takemitsu, inda aka zaunar da mai biwa, wani abu mai tsirkiya dangin garaya, da mai sarewar gora shakuhachi a gaban makaɗan Turawa. Kuma abin da ya fi taɓa ni, Saito ya rasu a 1974, da ya cika shekara goma a 1984 Ozawa da abokin karatunsa Kazuyoshi Akiyama suka kira tsofaffin ɗalibansa da suka warwatsu a ƙungiyoyin Turai da Amurka suka dawo suka yi wasa don tunawa da shi, daga nan aka samu ƙungiyar Saito Kinen, wato tunawa da Saito, kuma daga 1992 suke biki duk shekara a Matsumoto, garin da ke tsakiyar duwatsun Nagano mai baƙar fadar nan. Su ne ka gani a bidiyon Yaya Ɗan Fagge. Anti Maman Khalifa kin ga malamin da ake tsoro, sunansa suka sa wa ƙungiyar ba nasu ba. Kuma hanyar da ya buɗe ba ta rufe ba, Yutaka Sado ya ci Besançon a 1989, Kazuki Yamada a 2009, mace ma Nodoka Okisawa ta ci a 2019.

Maman Khalifa: To Allah ya sa su waɗannan ba a jefe su da komai ba. Ni dai ban sauka daga maganata ba.

Ummi Sendai: Hhh Anti na sani. Abu ɗaya zan ƙara don Yaya Ɗan Fagge, wata ƙawata a jami'a tana kaɗa goge a ƙungiyar ɗalibai, ta taɓa jana zuwa gwajinsu na zauna a baya. Da farko mai wata siririyar algaita ya busa sauti ɗaya kowa ya daidaita kayansa da shi, sannan jagoran ya shigo. Wallahi awa biyu ba su wuce shafi uku ba, ya tsayar da su ya ce masu busa sun danne masu goge, a sake, ya tsayar ya ce a ja numfashi tare, a sake, kowa da fensir a kan takarda yana rubuta abin da aka ce, wani wurin da bai fi daƙiƙa goma ba sai da suka maimaita shi har na haddace shi ni da ban san komai ba. Ranar wasan da na je kallo kuwa sai na ga kamar ba abin da yake yi, ɗan ɗaga gira kawai da yatsa. Shi Ozawa an san shi da tashi tun kafin asuba yana nazarin takardun, shi ya sa yawanci ba ya ajiye takarda a gabansa, da ka yake yi.

Ɗan Fagge: Gaskiya na janye maganar sarauta. Yanzu na koma na sake kallon bidiyon ina lura da hannun, kuma na ga abin da Baba yake faɗa, kafin su fara sai da ya ɗan ɗaga duk suka ja numfashi. Na gwada tatakin nan ma a tsakar gida da muciya, Hajiyarmu ta leƙo ta taga ta tambaya ko lafiya.

Baba Saje: Muciya ta yi nauyi ɗana, nemi tsinken tsintsiya mai ɗan kauri. Kuma kar ka riƙe kafaɗa, sakin hannun za ka yi ya faɗo da kansa. An kira magariba a nan, in na dawo ka turo min bidiyon ta WhatsApp in ga hannun tsohon nan da idona.